Littafin Agatha Christie da wani mai jan biro ya ɓata min

Wajen masu gwanjon littattafai na tsinci The Murder of Roger Ackroyd, bangonsa duk ya sha jiki. Na jima ina nemansa, tun da na ji cewa a 2013 ƙungiyar marubuta labaran laifi ta Birtaniya ta zaɓe shi a matsayin wanda ya fi kowane littafin labarin laifi. Ko ciniki ban tsaya yi sosai ba.

Da dare na buɗe shafin farko, sai ga rubutu da jan biro, ɓaro-ɓaro. Wanda ya riga ni mallakarsa ya rubuta sunan mai kisan, har da ja masa layi biyu. Haba bawan Allah! Me na yi maka? Littafin da duk armashinsa a babin ƙarshe yake. Kwana uku ban ƙara taɓa shi ba don takaici. Na koma wajen mai sayarwar, ya ce shi fa ba karantawa yake ba, kuma kuɗi ba ya dawowa.

Da na huce na karanta, kuma gaskiya matar nan ta iya. A 1926 ya fito amma bai tsufa ba. An soke attajiri Ackroyd da wuƙa a wuya cikin ɗakin karatunsa, a daren da wasiƙa ta iso masa daga Misis Ferrars, wadda wani ya yi ta tatsar kuɗinta da barazanar tona mata asiri. Poirot, mai binciken laifuka ɗan Beljiyam ɗin nan, ya yi ritaya ya koma ƙauyen King's Abbot yana noman kabewa, aka jawo shi cikin maganar. Da yake na san mai laifin, sai na koma kallon yadda ake rufe wa mai karatu ido: kujerar da aka matsar, wayar da aka bugo wa likita Sheppard cikin dare. Komai a gabanka yake, kai ne dai ba ka gani. Ita kuwa Caroline, 'yar'uwar likitan, uwar gulma, kowace unguwa akwai irinta. Ta ba ni dariya ba kaɗan ba.

Amma fa tsakiyar ta ja ni. Yi wa masu aikin gida tambayoyi ɗaya bayan ɗaya ya gundure ni, wataƙila don ba abin da nake jira. Nan ne haushin ya dawo sabo. Inda kowa ke cewa ya dafe ƙirji, ni hamma na yi. Ba laifin Christie ba ne, amma kuɗina na biya, rabin daɗi na samu.

Ƙanwata ta ce a ara mata. Na bi sunan da baƙar maka na shafe tas, na juya takardar, ashe mugun ya danna biron har ya fito ta baya. Yage shafin na yi.