Soja ko ƴan banga: wa zai tsare ƙauyen kan iyaka?

Duk mai dangi a Gabi ko Gidan Rumji ya san yadda dare ke yi wa mutane tsawo. Ɓarayin daji su tsallako daga Zamfara ko Katsina bisa babura, su kore shanu, su ɗauke mutum, kafin asuba sun shige dajin Baban Rafi. Shi ya sa gardama ba ta ƙarewa a Maradi: a jira soja, ko gari ya kafa ƴan banga?

Soja na da makami da mota da izinin hukuma, don wannan aiki ma aka kafa rundunar Farautar Bushiya. Matsalarsa nisa. Ka buga waya, in an yi sa'a akwai rezo, kafin mota ta ratso yashi garke ya ɓace.

Ɗan banga kuwa ɗan gari ne. Ya san kowane burtali, baƙuwar fuska a kasuwa ba ta wuce shi. Sai dai bindigarsa harbi ɗaya ce sai ɗuri, gaban mai kalashi. Kuma ba wannan ya fi damuna ba. Mun ga Zamfara: ƴan sa-kai suka koma yanke hukunci da kansu, Bafulatani mai laifi da marar laifi duk kuɗin goro, ramuwar gayya ta ƙara hura wutar.

Ni dai na fi son bindiga ta zauna hannun hukuma, mutanen gari su riƙa kai labari ga jandarma ta hannun maigari. Amma da sharaɗi: wanda ya tsegunta, kada washegari a ji sunansa a teburin mai shayi.