Ryzen 5 5600G ko Core i3-12100F: wanne zai fi maka da kuɗin da ke hannunka?

Ƙanina mai shagon buga takardu a Pantami ya ce yana so ya haɗa kwamfutar tebur da kansa don aikin CorelDRAW da Photoshop, kuɗinsa kuma ba su taka kara sun karya ba. An yi masa tayin furosesa biyu, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, Ryzen 5 5600G na AMD da Core i3-12100F na Intel. Na Intel ya fi araha, shi ne yake tambayar wanda zai ɗauka.

Ƙanina, kafin ka duba farashi, duba harafin da ke ƙarshen sunan. F ɗin nan na Intel yana nufin furosesan ba shi da sashen nuna hoto a cikinsa. Ka haɗa komai tsaf, ka soka wayar HDMI a bayan mazabod, wato babban faifan da ake dasa sauran kayan a kansa, ka danna makunni, fanka ta yi ta juyawa, allo kuwa baƙi ƙirin. Dole sai ka sayi katin girafik daban, rarar da ka gani kuma ta tafi a nan, har da ciko. G na AMD akasin haka ne. 5600G yana ɗauke da girafik ɗinsa na Radeon a ciki, wanda ya isa aikin zanen fosta da katin biki. Idan Intel ɗin kake so, nemi i3-12100 marar F, mai girafik ɗin UHD 730 a cikinsa.

Ta fuskar ƙarfi, 5600G ya fito a 2021 da cibiyoyin aiki 6, i3-12100 kuma a 2022 da guda 4. Kowace cibiya ta Intel ta fi sauri ita kaɗai, amma ga mai buɗe manhajoji da yawa lokaci guda, shida ɗin nan sun fi daɗin aiki, kuma girafik ɗin AMD ya yi wa UHD 730 nisa.

Inda mutane ke asarar kuɗi shi ne mazabod, domin furosesa da bod kamar kwaɗo da makulli suke. 5600G gurbin AM4 yake shiga, a bod irin A520 ko B450 ko B550, kuma ram, wato ma'ajiyar wucin gadi ta kwamfuta, irin DDR4 kawai yake karɓa. B450 ta girmi wannan furosesa, saboda haka wadda ta daɗe a shago tana iya ƙin tashi sai an sabunta mata BIOS, wato 'yar manhajar cikin bod da ke tayar da kwamfuta. Ka sa mai shago ya yi maka wannan kafin ka biya. Shi kuma i3 gurbin LGA1700 yake so, a H610 ko B660 ko B760. A nan akwai wani tarkon: waɗannan bod iri biyu ake ƙera su, wata ta DDR4, wata ta DDR5, kuma tsagar da ke jikin sandar ram ɗin ba wuri ɗaya take ba. Karanta jikin kwali da idonka. Ram ɗin laftof ma gajere ne, ba ya shiga ko ɗaya.

In gaskiya za a faɗa, Intel ya fi ba da damar canza furosesa zuwa sabon zubi nan gaba. LGA1700 yana ɗaukar furosesan Intel zubi na 12 (irin wannan i3 ɗin) da na 13 da na 14, AM4 kuwa tsohon gurbi ne tun 2016, AMD ya riga ya koma AM5. Sai dai tsufan nan ne ya sa kayansa suka yawaita a kasuwa, sababbi da na hannu.

Ni dai a aikinka 5600G zan ɗauka, da B450 ko A520, da ram sanda biyu masu 8GB kowace, maimakon sanda ɗaya mai 16GB. Girafik ɗin cikin furosesa daga ram yake aron wurin aiki, sanda biyu kuma suna ninka masa faɗin hanya. Ƙara da SSD, wato ma'ajiyar fayiloli, irin NVMe mai 512GB, bayan ka tabbatar bod ɗin tana da gurbin M.2 da ake soka shi.

Fawa fak kuwa, wato na'urar da ke raba wa kayan cikin kwamfuta wuta, don Allah kar ka tsuke hannu a kansa. Wanda ake bayarwa kyauta da akwati, wanda za ka ɗaga ka ji shi sakayau, ba zai jure hawa da saukar wutarmu da ta janareto ba, idan ya ƙone kuma yakan tafi da bod. Nemi mai wat 450 zuwa 550 mai tambarin 80 Plus Bronze, ka haɗa da UPS. Kar kuma ka yi tunanin cusa sabuwar bod a akwatin tsohuwar Dell ko HP ta ofis, da yawansu wayoyinsu da ramukan kusoshinsu na kamfanin ne kaɗai. Akwatin micro-ATX mai raga a gaba da fanka biyu zai fi jure zafin Gombe na Maris da Afrilu, ka riƙa kakkaɓe ragar lokacin hunturu.

Idan daga Kano ko Legas za a aiko maka, ka ce a kunna furosesa da bod da ram tare, a turo maka bidiyon shafin BIOS yana nuna 16GB, sannan a naɗe su a ba direba a tasha.