ECG Ko Eko: Wanne Mai Hawan Jini Yake Buƙata?

Wani ɗan'uwa a wannan zaure ya tambaya cewa mahaifiyarsa tana fama da hawan jini, an yi mata gwajin zuciya na ECG an ce babu matsala, amma likita ya sake rubuta mata wani gwajin zuciyar da ake kira eko, shin ba maimaici ba ne da ɓarnar kuɗi? Malam, Allah ya ba Hajiya lafiya. Ba maimaici ba ne, domin abin da kowanne daga cikin gwaje-gwajen biyu yake dubawa daban ne.

ECG ba hoto ba ne. Wayoyi 10 ake manna wa mutum, shida a ƙirji, huɗu a hannuwa da ƙafafu, sai na'ura ta zana wutar lantarkin da ke sa zuciya bugawa a kan doguwar takarda mai ƙananan gidaje. Cikin 'yan mintuna an gama, kuɗinsa kuma bai kai na eko ba. A wajen gano rikicewar bugun zuciya ya fi eko nesa ba kusa ba, musamman irin rikicewar da ke sa jini ya daskare a cikin zuciya har ya jawo shanyewar ɓarin jiki. Shi ya sa ake so duk wanda aka tabbatar yana da hawan jini, wato awonsa yana tsayawa a 140/90 ko sama, a yi masa shi tun da fari.

Eko kuwa irin sikanin da ake yi wa masu juna biyu ne. Mutum zai kwanta ta ɓarin hagu, a shafa masa wani ruwa mai yauƙi a ƙirji, likita ya riƙa zagayawa da kan na'urar tsakanin haƙarƙari yana kallon zuciyar tana motsi a allo, kusan rabin awa. Muhimmancinsa ga mai hawan jini shi ne, idan zuciya ta shekara da shekaru tana tura jini da ƙyar, bangon ɗakinta na hagu na ƙasa yakan yi kauri, kamar dantsen mai bugun shadda. Sai dai wannan kaurin ba ƙarfi ba ne: bangon yakan sandare ya kasa sakewa ya karɓi jini yadda ya kamata, daga baya kuma ɗakin ya buɗe ya yi rauni. Eko yana auna kaurin nan da milimita, kuma a mai lafiya ba ya cika wuce 11. Yana nuna kason jinin da zuciya ke fitarwa a kowane bugu, wanda ake so ya kai kashi 55 cikin 100 ko kusa da haka, sannan yana duba ƙofofin zuciya ko suna yoyo.

A nan ne ECG yake da rauni. Yakan nuna alamar kaurin, amma sau da yawa kaurin yana nan takardar ta fito fes, musamman ga mai ƙiba. Siririn matashi kuma takardarsa tana iya nuna kauri alhali babu. Hoton ƙirji ma ba ya raba gardama, tunda bango yana iya yin kauri ta ciki ba tare da inuwar zuciyar ta ƙara girma ba.

Duk da haka, a ganina ba kowane mai hawan jini ne zai ruga yin eko ba. Likita yakan nema idan ECG ya nuna wani abu, ko ya ji baƙon sauti a ƙirji, ko akwai haki, kumburin ƙafafu, kasa kwanciya sai an tara matasai, ko kuma jinin ya daɗe ya ƙi sauka duk da magani. Ka tambayi likitan Hajiya wanne daga ciki ya gani. Ana yin gwajin a manyan asibitoci irin Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, kuma ya fi kyau likitan zuciya ne zai fassara sakamakon, domin ingancin eko ya dogara ƙwarai da ƙwarewar mai yin sa. Ku tafi da takardar ECG ɗin da duk magungunan da take sha. Idan an sami kaurin, yakan ragu in aka daidaita jinin da magani ba fashi, kuma sakamakon zai iya sa likita ya canza mata irin ƙwayar da take sha.