Geji 12 ko geji 20, mai baki biyu ko Winchester 97: amsa ga 'yar'uwar da ta shiga harbin kaboyi

'Yar'uwa, barka da ƙoƙari. Kin ce kina zaune a Amurka, kin fara zuwa wasan harbin kaboyi, ƙananan bindigogin nan biyu da doguwar ba su dame ki ba, amma bindigar da ke watsa ƙwayoyin dalma ta bar miki kafaɗa tana zogi. Mai shago ya ce ki ɗauki geji 20 (geji awon faɗin bakin bindiga ne, bakin 20 ya fi na 12 ƙanƙanta) tunda ke mace ce, 'yan kulob kuma suka ce geji 12. Sannan kin rasa wadda za ki zaɓa tsakanin mai baki biyu da Winchester 97.

Amsata a taƙaice: ki ɗauki geji 12 mai baki biyu, a yanke mata gindi daidai tsawon hannunki, ki riƙa ɗura mata harsashi mai sauƙi. Ga dalilaina.

Ga waɗanda ba su san wasan ba: a kudancin Kalifoniya aka fara shi a farkon shekarun 1980, aka kafa ƙungiyar SASS a 1987, ita ke tsara dokokinsa. Ana sa kaya irin na mutanen yammacin Amurka na ƙarshen ƙarni na 19, kowa ya zaɓi laƙabi, ana harbin faya-fayan ƙarfe agogo na ƙirga. A yawancin zanguna harsashi 10 ne a ƙananan bindigogi, 10 a doguwa, 4 ko fiye a ta ƙwayoyin dalma. Ita wannan ta ƙarshe, ba komai a cikinta ake ajiye ta, sai agogo ya fara tafiya ake ɗura ta, kuma ba a sa fiye da harsashi biyu a lokaci ɗaya. Ki riƙe wannan, domin shi ne ya sa shawarar mai shago ba ta dace da wasanki ba.

Mu fara da geji. Mutane na ɗauka cewa ƙaramin baki shi ne ƙaramin shuri. Abin da ke dukan kafaɗa kuwa abu uku ne: nauyin dalmar da ta fita, gudun da ta fita da shi, da nauyin bindigar kanta. Faɗin bututu ba ya cikin lissafin. Harsashin geji 12 na yau da kullum yana ɗauke da dalma giram 32, yana gudun ƙafa 1,200 a daƙiƙa ko ƙasa kaɗan. Na geji 20 na yau da kullum giram 25 ne, da gudu kusan iri ɗaya. Idan nan aka tsaya, mai shago ya yi gaskiya. To amma akwai harsashin Winchester AA mai sauƙin shuri, wanda 'yan wasa ke kira Featherlite: geji 12, dalma giram 26, gudu ƙafa 980. Idan kika ninka nauyi da gudu, kika kwatanta, a bindiga ɗaya ƙarfin dukansa kusan kashi biyu cikin uku ne na harsashin geji 12 na yau da kullum. Na geji 20 na yau da kullum kuwa ya fi shi duka da kusan kashi ɗaya cikin shida, ko da nauyin bindigogin ɗaya ne. Ga shi kuma yawancin bindigogin geji 20 sun fi na 12 rashin nauyi, kuma bindiga marar nauyi ita ta fi zabura baya. Shi ya sa za ki ga mace ta sayi geji 20 don neman sauƙi, ta ƙare da dukan da ya fi na maƙwabciyarta mai geji 12.

Ba cewa nake geji 20 ba ta da amfani ba. Akwai harsashi mai sauƙi nata ita ma, sai dai samunsa a shaguna ya fi wuya, kuma a filin wasa idan naki ya ƙare, waɗanda za su iya ara miki kaɗan ne, domin mafi yawan mutane 12 suke riƙe da ita. Inda geji 20 ta yi fice shi ne wajen ɗauka. Idan hannunki na gajiya kafin ki gama saiti, rashin nauyinta alheri ne. A ɓangaren ɗuri kuwa 12 ta sake cin gaba: ramukanta sun fi faɗi, harsashin ya fi cika hannu, jefa biyu a tare cikin gaggawa ya fi sauƙi. Kada ki yi tunanin .410, mai ƙaramin baki fiye da geji 20, dokar SASS ta keɓe ta ga rukunin yara. Manya daga geji 20 zuwa geji 10 aka yarje musu. Kada kuma ki ji tsoron cewa harsashi mai sauƙi ba zai kayar da faifan ƙarfe ba. Faya-fayan kusa suke, in saiti ya yi daidai za su faɗi.

Yanzu ƙirar bindigar. Mai baki biyu, irin Stoeger Coach Gun da ake ƙerawa a Barazil, bututunta inci 20 ne, nauyinta wajen kilo 3. Ki karya ta, ki jefa biyu, ki rufe, ki harba, ki sake karyawa, ki fizge ta baya kwansunan su zube. Doka ba ta yarda da mai baki biyun da ke tofar da kwanso da kanta ba, don haka wannan fizgar dole ce, kuma kwanso mai santsi irin na AA ko Remington STS ya fi zamewa fiye da mai zane-zane a jiki. Winchester 97 kuwa, wadda John Browning ya zana, aka ƙera ta daga 1897 zuwa 1957, ja da turawa ake yi mata. Ta fi nauyi, nauyin yana shanye wani ɓangare na shurin, kuma a hannun gwanaye tana da sauri ƙwarai. Amma sassanta masu motsi suna da yawa, ta asali mafi ƙuruciya ta haura shekara 60, kwaikwayon da aka yi a Sin kuma sau da yawa sai mai gyara ya bi ta kansu kafin su yi laushi. Akwai kuma batun tsawon hannu: katakon da ake ja yana can gaba, mai gajeren hannu sai ta miƙe sosai kafin ta kai shi, da zarar ta miƙe kuwa gindin ya saki kafaɗa, nan ne duka yake shiga. Winchester ba ta taɓa fitar da 97 a geji 20 ba, 12 da 16 kawai. Ita kuwa Winchester 1887 mai mariƙin da ake buɗewa ta ƙasa, kyakkyawa ce amma ɗurinta yana buƙatar dogon koyo; ki bar ta sai gaba.

Cikin masu baki biyun ma akwai mai kunnuwa a waje, wadda sai an ɗana kowanne da babban yatsa, da wadda ke ɗana kanta idan an karya ta. Ta biyun ta fi wa mai koyo sauƙi. Sai dai ki duba rukunin da kike son shiga tun yanzu: Classic Cowgirl na buƙatar mai kunnuwa a waje ko 1887, rukunan baƙin albarushi kuma ba sa karɓar 97.

Abin da na fi so ki ba muhimmanci, fiye da geji da ƙira, shi ne tsawon gindin. Masana'antu na yanka shi wajen inci 14 zuwa 14 da rabi daga kunama zuwa ƙarshe, awon namiji matsakaici ke nan. Mata da yawa inci 12 da rabi zuwa 13 ke yi musu daidai. Bindigar da ta yi miki tsawo kamar takalmin aro ce, ko da mai tsada ce sai ta ji miki. Tana tilasta miki jingina baya, gindin ya sauka a kan damtse maimakon cikin lungun kafaɗa, kuncinki ya ɗaga daga katako, sai ki sha duka a hannu da fuska a tare. Ina kyautata zaton wannan ne ya same ki da bindigar da aka ara miki. Mai gyaran bindiga zai auna ki, ya yanke katakon, ya sa robar gindi mai laushi, ya daidaita kusurwarta yadda ƙasan gindin ba zai soke ki a ƙirji ba. Wannan na ƙarshe maza kan manta da shi, ke kada ki ji nauyin faɗa masa. Ki je awon da irin rigar da za ki sa a filin, domin kaurin tufa yana sauya lissafi. Idan har yanzu kina jin shurin, ana iya cusa dalma cikin ramin katakon gindi don ƙara nauyi. Yankan a katako ake yi. Bututu kuwa dokar tarayyar Amurka ba ta yarda ya gaza inci 18 ba sai da rajista ta musamman.

Sabuwar Stoeger da tauri take zuwa daga kwali, sai an sa ƙarfi kafin ta karye. Ki ware kuɗin gyara tun a kasafin farko: a goge ramukan harsashi su yi santsi, a ɗan buɗe bakinsu, a sassauta sifirin. Tsofaffin SKB da Browning BSS na Japan sun fi ta inganci nesa ba kusa ba, amma kuɗinsu ya ninka, kuma ba su ne buƙatar shekarar farko ba.

Tsayuwa ma tana rage duka. Ki ɗan karkata gaba, nauyinki a ƙafar gaba, ki manna gindin sosai kafin ki taɓa kunama, kunci a kan katako har harbin ya fita. Toshen kunne mai kyau yana taimakawa fiye da yadda ake zato, don rabin firgitar mai koyo daga ƙara take zuwa.

Kafin ki biya ko sisi, ki sayi kwali ɗaya na harsashi mai sauƙi na geji 12, ki je wasan kulob na wata, ki nemi matan da tsayinsu ya yi kusa da naki. 'Yan wannan wasa ba sa rowar aron bindiga. Ki harba tasu da aka riga aka yanke, ki tambayi kowacce inci nawa gindin tata yake, ki rubuta awon da ya zauna miki, shi za ki kai wa mai gyara.