Cockpit: Allon Kula da Sabar Linux ta Burauza

Cockpit kyauta ne, kamfanin Red Hat ke ɗaukar nauyinsa, kuma aikinsa na kyau ga wanda ya gaji da buga umarnin kula da sabar irin su `systemctl` da `journalctl` kullum. A Ubuntu, `sudo apt install cockpit` ya isa. Yana sauraro a tasha (port) mai lamba 9090, don haka in katangar tsaro ta `ufw` na kunne, sai ka buɗe tashar da `sudo ufw allow 9090/tcp`, in ba haka ba shafin zai yi ta juyi bai buɗe ba. Da asusunka na sabar za ka shiga. Gargaɗin da burauza ke yi a farko saboda takardar shaidar tsaro (certificate) da Cockpit ya sa wa kansa hannu ne. Ajiye taka a `/etc/cockpit/ws-certs.d`.

Abin yabo: ba ya cin ƙwaƙwalwa sai an shiga, domin `cockpit.socket` ne ke tashe shi.

Inda yake ba da ciwon kai shi ne canza tasha. Mutane na laluben fayil ɗin saitinsa, `cockpit.conf`, alhali ba a nan take ba. Sai `sudo systemctl edit cockpit.socket`, ka fara da `ListenStream=` fanko kafin sabuwar lamba, in ba haka ba tsohuwar za ta zauna a buɗe. Wani ciwon kan kuma: sashen sadarwarsa da manhajar kula da sadarwa ta NetworkManager ya dogara, Ubuntu Server kuwa da wata daban, systemd-networkd, take zuwa.