Gargaɗi ga kwamitocin masallatai kan mai tallan amfilifaya "wat 5000"

Assalamu alaikum jama'a. Ni ne ma'ajin kwamitin masallacin unguwarmu, kuma da hannuna na tura kuɗin jama'a ga mutumin da zan ba ku labarinsa. Shi ya sa na kasa yin shiru, don na ga tallansa na ci gaba da yawo a zaurukan WhatsApp da Facebook, ga azumi na ƙaratowa, lokacin da kowane masallaci ke neman gyara na'urar sautinsa saboda tafsiri da asham.

Tsohuwar amfilifayarmu ta mutu bayan shekara goma sha ɗaya tana aiki. Muna da lasifika huɗu a saman rufi, irin masu bakin kakaki, kowace wat 30. Ana cikin neman mafita sai wani ya turo mana bidiyo. An nuna baƙar na'ura mai sheƙi, da tambarin TOA, kamfanin ƙera na'urorin sauti, a gabanta, an rubuta 5000W da manyan baƙaƙe. Aka jona mata lasifika ɗaya, aka ce "gwaji, gwaji", sautin ya cika layi. Kuɗinta bai kai rabin abin da aka faɗa mana a shago ba. Na kira mai tallan. Bakinsa kamar zuma: "Alhaji, ai aikin Allah ne, ba zan ci riba a kan masallaci ba. Guda biyu suka rage." Ya ce shago na Legas, sai dai a tura kuɗi ya ba direba. Na tura.

Kayan sun iso tasha a kwali, da nauyi har sai da muka kama mu biyu. Wannan nauyin ne ya kwantar mana da hankali, tunda kowa ya san amfilifayar kirki taransifomarta na da nauyi. Ta waya ya koya mana haɗawa. Ya ce mu kwance yadda aka jera wayoyin tun asali, mu haɗe jajaye huɗu wuri ɗaya, baƙaƙe huɗu wuri ɗaya, mu kuma murɗa bes sosai don muryar liman ta yi kauri. Muna kunnawa, tun kafin kowa ya taɓa makirfo, sai wani huci "shiiii" ya riƙa fita daga saman rufi, har maƙwabcinmu ya leƙo ta katanga yana tambayar ko lafiya. A rana ta uku, ladan na tsakiyar kiran asuba muryarsa ta fara karkarwa, sai ɗif. Ɗakin na'ura duk ƙaurin ƙonewa.

A nan ne damfara ta biyu take, kuma ita na fi so ku riƙe. Da na kira shi bai gudu ba. Cewa ya yi lasifikokinmu ne jabu, ba za su iya ɗaukar ƙarfin na'urarsa ba, amma yana da na asali guda huɗu, in tura kuɗi a yau. Saura ƙiris in tura. Limaminmu ne ya ce a dakata, a kai wa mai gyara tukuna.

Dattijon da muka kai wa ya daɗe yana gyaran rediyo da na'urorin masallatai. Kafin ya kwance ko kusa ɗaya, sai ya zaro fis ɗin baya ya miƙo mini. "Ɗana, karanta." An rubuta 1A. Ya ce wutarmu bolt 230 ce, in ka ninka da amfiya ɗaya, iyakar abin da na'urar za ta iya ja daga soket wat 230 ne kafin fis ya tsinke. To ta ina za ta fitar da 5000? Sannan ya buɗe murfin. Wallahi sai da gabana ya faɗi. Wani ɗan allo ne da bai kai tafin hannu ba, irin na rediyon mota, a kusurwa ɗaya. A tsakiya kuwa an ɗaure curin siminti da aka shafa wa baƙin fenti. Ramin da aka rubuta wa 100V a baya, wato mahaɗar layin bolt 100 da ake amfani da shi in wayar lasifika doguwa ce, ko waya ɗaya babu a jikinsa ta ciki, ado ne kawai. Tambarin ma sitika ce, da farce ya ɓare ta. Kamfanin TOA na Japan, mai hedikwata a Kobe, ba shi da hannu a wannan, sunansa aka sata saboda an san masallatai sun yarda da shi.

Na tambaye shi, Baba, to yaya aka yi sautin ya yi ƙarfi haka a bidiyo? Amsar da ya ba ni ita ce asirin duk sana'ar mutumin. Lasifika mai bakin kakaki ba ta cin wuta. Da wat ɗaya tak, irin namu na fitar da sauti kusan desibel (ma'aunin ƙarfin sauti) 110 a tazarar mita ɗaya, alhali sifikar akwati ta gida wajen 90 take bayarwa. Wannan tazarar ta 20 na nufin sai akwatin ya sha wuta ninki ɗari kafin ya kamo ta. Saboda haka ko allon rediyon mota mai wat 20 ka jona mata, za ta tashi unguwa. Ɗan damfarar ya san haka, shi ya sa da irin wannan lasifikar kaɗai yake gwaji. Ƙarar da muka ji ta lasifikar ce, muka ɗauka ta na'urarsa ce. Wannan saurin jin nata ne kuma ya tona hucin nan, don duk wata ƙazantar da ke cikin amfilifaya mara inganci sai ta kwaso ta ta watsa wa jama'a.

Haɗin da ya sa muka yi shi ya ƙarasa ɓarnar. Kowace lasifikarmu om 8 ce; om shi ne ma'aunin turjiya ga wuta, in ya yi ƙasa sai amfilifaya ta ƙara shan wahala. Wanda ya yi aikin farko ya jera su bibbiyu yadda jimillar ta tsaya a 8. Da muka haɗe huɗun a baki ɗaya sai ta faɗo zuwa om 2, allon ya yi zafi ya ƙone, ya tura wuta kai tsaye cikin kwayil, wato naɗaɗɗiyar wayar da ke cikin lasifika. Bes ɗin ma guba ne gare su, domin an yi su ne don muryar mutum, ba sa jure sauti mai kauri da ke ƙasa da has 250 (ma'aunin kauri ko sirantar sauti) ko makamancin haka. Baba ya ɗora mita a kan kowace. Biyu sun nuna wajen om 6 zuwa 7, lafiyarsu ƙalau. Biyu kuwa ko motsi allurar ba ta yi ba.

Abin da muke buƙata tun farko bai wuce wat 120 na gaskiya ba, wanda ake rubuta wa RMS, ko ɗan sama da haka. In kun ga an rubuta PMPO kusa da wata ƙatuwar lamba, ku ajiye, lambar talla ce, ba ainihin ƙarfin na'urar ba. In wayarku doguwa ce zuwa hasumiya, ku nemi mai layin bolt 100 na gaske, da lasifika masu taransifoma a jikinsu, kada kuma jimillar wat ɗinsu ta wuce ta amfilifayar. Ku je shago da ƙafarku tare da mai gyaran da kuka yarda da shi, a duba fis, a buɗe murfi in mai kaya ya yarda, a kunna a yi shiru a saurari huci, a rubuta muku rasit mai adireshin da za ku iya komawa.

Ranar da na tura wa mai tallan hoton simintin ya toshe lambata. Mun kai ƙorafi banki da ofishin 'yan sanda da shaidar turin kuɗin, har yanzu muna jira. Na tsaya gaban jama'a bayan sallar isha'i na faɗi abin da ya faru, aka sake karo-karo, muka sauya kwayil biyu, muka sayi mai wat 120 a shagon da ke nan cikin gari. Makon jiya wani ɗan'uwa daga wata unguwa ya turo mini bidiyo yana neman shawara. Baƙar na'urar nan ce, muryar nan ce mai cewa "gwaji, gwaji", suna da lambar asusu kawai aka canza.