Kwana shida a Zanzibar a hannun kamfanin yawon buɗe ido

A watan Yuli ni da maiɗakina muka yi kwana shida a Unguja, babban tsibirin Zanzibar da ke ƙasar Tanzaniya, a ƙarƙashin shirin wani kamfanin yawon buɗe ido na can wanda ya ɗauke mana nauyin masauki da mota da ɗan jagora da kuɗin shiga wurare. Tun da muka dawo abokai ke tambayata ko kwalliya ta biya kuɗin sabulu, shi ya sa na ga ya dace in rubuta abin da na gani dalla-dalla. Amsata ita ce ta biya, amma da sharaɗi, domin jadawalin da kamfanin ya miƙo mana an tsara shi ne domin baƙon da bakin teku da ɗaukar hoto suka kawo shi, kuma mafi darajar abin da muka gani a tsibirin sai da na nema da bakina kafin aka kai mu.

Zan fara da takardu, domin a nan ne kamfanin ya fi yi mana amfani. Mai fasfon Najeriya ko na Nijar ba ya samun bizar Tanzaniya a filin jirgi kamar yadda wasu baƙi ke samu, sai ya nema tun daga gida ya jira amincewar hukumar shige da fice, kuma jiran yakan ɗauki makonni. Kamfanin ya aiko mana da wasiƙar gayyata da shaidar masauki a kan lokaci, ya tunatar da mu katin rigakafin shawara, ya kuma sanar da mu inshorar dala 44 da gwamnatin Zanzibar ta wajabta wa kowane baƙo tun daga ranar 1 ga Oktoban 2024. Da muka sauka a filin jirgin sama na Abeid Amani Karume mun tarar da direba yana jiranmu, motarsa tsaf, kuma bai taɓa makara ba har muka bar garin.

Kwana biyun farko a tsohon birni muka yi su, wanda mutanen wurin ke kira Mji Mkongwe, baƙi kuma suka fi saninsa da Stone Town, kuma hukumar UNESCO ta sanya shi cikin wuraren tarihi na duniya a shekarar 2000. Duk wanda ya taso cikin lungunan birnin Kano ko Zariya ba zai ji baƙunta sosai ba a nan, domin hanyoyin sun yi ƙunci har mota ba ta shiga yawancinsu, gidajen kuma dogaye ne da aka gina da dutsen murjani da farar ƙasa, kowanne da dakalinsa a ƙofar gida, wanda su ke kira baraza, inda dattawa ke zama da yamma suna shan gahawa a ƙananan kofuna. Ƙofofin katako masu sassaƙa su ne abin alfaharin birnin, wasu da ayoyin Alƙur'ani a samansu, wasu kuma da manyan ƙusoshin tagulla irin na Indiya. Ɗan jagoranmu, wani magidanci haifaffen birnin, ya san tarihin garinsu ƙwarai kuma ba ya yi masa ado. Ya nuna mana tsohuwar ganuwar da Larabawan Oman suka gina bayan sun kori Turawan Fotugal a ƙarshen ƙarni na 17, da fadar Beit al-Ajaib wadda Sarki Barghash ya gina a 1883, ginin da ya fara samun wutar lantarki a tsibirin, wanda wani sashensa ya rushe a Disambar 2020 lokacin da yake rufe ana gyaransa.

Wurin da ya fi taɓa mini zuciya a birnin shi ne tsohuwar kasuwar bayi, wadda aka rufe a 1873, aka gina cocin Angilika a kan filinta. Akwai wasu ɗakuna biyu na ƙarƙashin ƙasa da ake nuna wa baƙi, rufinsu ƙasa-ƙasa har mutum ba ya iya miƙewa sosai, sannan a waje akwai mutum-mutumin bayi biyar cikin rami da sarƙa a wuyansu. Jagoran bai ɓoye cewa arzikin kanumfari da hauren giwa da ya gina waɗannan manyan gidaje a kan wuyan bayin da aka kwaso daga cikin nahiyar ya tsaya ba, kuma bai ɓoye cewa Musulmi ne da yawa daga cikin fataken ba. Na yaba masa a kan wannan gaskiyar, domin mu ma muna da irin wannan babi a tarihinmu wanda ba kasafai muke son buɗe shi ba. Jadawalin kamfanin minti arba'in kacal ya ware wa wurin, alhali karanta bayanan da ke jikin bangon ɗakin baje tarihin kaɗai ya fi ƙarfin awa guda, don haka na roƙi a bar mu, aka bar mu.

Ba zan daɗe a kan kasuwar abinci ta dare da ke lambun Forodhani ba. Ruwan rake da ake matsewa da citta da lemun tsami ya yi daɗi, haka ma romon nan mai tsami da suke kira urojo, amma kifin da aka jera a kan tebura tun yamma ban amince da shi ba, kuma jagoran da kansa ya ba mu shawarar mu ci abin da aka soya a gabanmu kaɗai. Ziyarar tsibirin Changuu ma ba ta wuce rabin yini ba: ƙaramin jirgi mai inji ya tsallaka da mu cikin kamar rabin awa, muka ga ginin kurkukun da aka kammala a 1894 amma ba a taɓa tsare fursuna a cikinsa ba, sai wurin killace masu cutar shawara da ya zama, muka kuma ga manyan kunkurayen da gwamnan Ingila na tsibiran Seshels ya aiko da su kyauta a 1919. Kunkurayen abin kallo ne, sai dai cunkoson jama'a ya rage wa wurin armashi.

Gonar kayan ƙamshi ta fi yadda na zata. Mu da muke sayen kanumfari da kirfa da masoro a busashe a kasuwar Kurmi, ba kowa ne a cikinmu ya taɓa ganin yadda suke a jikin bishiya ba. Na ga kanumfari tun yana toho, kore-kore yana juyawa ja, kafin a tsinke shi a shanya a kan tabarma ya yi baƙi, na ga yadda ake ɓare ɓawon bishiyar kirfa, na ga masoro yana yaɗo a jikin wata bishiya kamar wake. Da jagoran ya ce sunan kanumfari a harshensu karafuu, sai hira ta ɓarke tsakaninmu a kan kalmomin da Hausa da Swahili suka aro daga Larabci, irin su habari da labari, da kalamu da alƙalami, da sabuni da sabulu, da Alhamisi da ke nan kusan yadda muke faɗinta. Ya bayyana mana cewa noman kanumfari ya bunƙasa ne a zamanin Sarki Sayyid Sa'id, wanda ya maido da fadarsa daga Maskat, babban birnin Oman, zuwa Zanzibar a wajen 1840, kuma a yau tsibirin Pemba ne ke noma mafi yawansa. Abin da ban ji daɗinsa ba shi ne yadda ziyarar ta ƙare a rumfar sayar da kaya, inda farashin ya ninka na kasuwar Darajani da ke cikin gari, kuma kamfanin bai gaya mana haka tun farko ba.

A rana ta huɗu ne muka yi saɓani da kamfanin. Jadawalinsu ya ce da asuba a tafi Kizimkazi, a kudancin tsibirin, domin kallon dabbar ruwan nan dolfin, sannan a biya ta gandun dajin Jozani da tsakar rana a kan hanyar dawowa. Mun shiga jirgin, kuma abin da na gani bai kwanta mini ba ko kaɗan: jirage masu inji fiye da goma suna bin ayari guda na dabbobin a guje, da zarar sun ɓullo sai baƙi su diddira cikin ruwa a kansu, dabbobin su nutse su gudu, a sake bin su. Na ce wa mai jirginmu ya juya da mu bakin gaɓa. Da muka sauka na tambayi jagoran ina tsohon masallacin da na karanta labarinsa yake, sai ya ce ga shi nan kusa a Kizimkazi Dimbani, amma ba ya cikin shirin domin baƙinsu ba su cika tambaya ba.

Daga waje masallacin ba ya ɗaukar ido, ƙaramin gini ne mai rufin kwano da wasu tsofaffin kaburbura a gefensa, kuma an sake gina yawancinsa a ƙarni na 18. Amma a jikin bangon alƙibla, gefen mihrabi, akwai rubutun Larabci na salon Kufi da aka sassaƙa a dutsen murjani, wanda ke ɗauke da shekarar 500 bayan Hijira, wato 1107 Miladiyya, abin da ya sa ake lissafa shi cikin mafi daɗewar masallatai a gabashin Afirka. Na tsaya a gaban rubutun ina lissafi, na tuna cewa wannan ya riga zuwan Wangarawa Kano a zamanin Sarki Yaji da fiye da shekara ɗari biyu, kuma har yau ana sallah a cikinsa. Mai kula da masallacin ya buɗe mana, na yi nafila raka'a biyu. Kamfanin da ke karɓar baƙi Musulmi daga Afirka ta Yamma, a ce yana sauke su a garin nan ya kwashe su ba tare da ya ambaci wannan masallaci ba, wannan babban gibi ne a aikinsa, kuma na faɗa musu haka a rubuce.

Saboda abin da ya faru na nemi a ɗage Jozani zuwa safiyar washegari, suka amince ba tare da ƙarin kuɗi ba, kuma wannan ce shawara mafi amfani da na yanke a duk tafiyar. Gandun Jozani da mashigin ruwa na Chwaka shi ne kaɗai gandun daji na ƙasa a Zanzibar, an ayyana shi a 2004, faɗinsa kimanin murabba'in kilomita 50 ne, kuma bai kai tafiyar awa guda a mota daga birni ba. Mun isa ana buɗe ƙofa, kafin manyan motocin baƙi su iso, ma'aikacin gandun ya shige gaba muka bi shi cikin dogayen bishiyoyin da inuwarsu ta rufe sama, ƙasa kuma a jiƙe domin ruwan ƙarƙashin ƙasa yana kusa ƙwarai. Abin da ke kawo mutane nan shi ne wani biri mai jan baya da farin gashi a tsaitsaye a goshi, wanda babu irinsa a ko'ina a duniya sai Zanzibar, kuma ƙidayar da masana suka yi ta nuna ba su kai dubu shida ba. Mutanen wurin suna kiransa kima punju, wato biri mai guba, domin a da manoma sun ɗauka yana kashe bishiyar da ya ci ganyenta. Hannunsa yatsu huɗu ne dogaye, babban yatsan kusan babu shi, ganye ne mafi yawan abincinsa, kuma an san wasu daga cikinsu da cin gawayi domin ya kwantar musu da dafin da ke cikin ganyen mangwaro da makamantansa. Mun zauna kusan awa guda muna kallon wata uwa da ɗanta manne a cikinta, ma'aikacin yana tunatar da mu kada mu matsa ƙasa da mita uku, kada mu ba su abinci, domin murar ɗan Adam tana iya kama su. Ya kuma gaya mana cewa ana ba ƙauyukan da ke kewaye wani kaso na kuɗin shiga, abin da ya rage gabar da ke tsakanin manoma da biran.

Daga nan muka tsallaka titi zuwa gadar katako da aka shimfiɗa a cikin dajin mikoko, wato itatuwan da ke tsirowa cikin ruwan gishiri da saiwoyinsu a waje kamar ƙafafun gizo. Ruwa ya janye a lokacin, ƙananan ƙaguwa suna ta kai da komo a cikin taɓo. Ga wanda ya taso a ƙasar da bishiya ke neman ruwa da ƙyar, ganin daji a tsaye cikin teku abu ne da ya isa a yi tafiya dominsa.

Daren ƙarshe a Jambiani muka kwana, a gabar gabas, inda teku ke janyewa nesa ƙwarai sau biyu a yini, mata su shiga da ƙafa su kula da gonakin ciyawar teku da suke ɗaurewa a jikin igiyoyi tsakanin turaku, sana'ar da ta kafu a tsibirin tun ƙarshen shekarun 1980. Masaukin da kamfanin ya zaɓa mana mai tsabta ne, abincinsa halal, an nuna mana alƙibla tun kafin mu tambaya, kuma maiɗakina ta yi yawonta da hijabinta ba wanda ya ɗaga ido ya kalle ta, domin mafi yawan mutanen tsibirin Musulmi ne masu bin mazhabar Shafi'iyya. Duk wanda zai je ya kula da yadda suke ƙirga lokaci, domin a Swahili ƙarfe ɗaya na safe shi ne bakwai a agogonmu, saboda daga fitowar rana suke fara lissafi, don haka idan direba ya faɗi lokaci a tabbatar da wanne yake nufi.

Idan Allah ya sake kai ni, zan iya komawa hannun kamfanin nan saboda direbansu da jagoransu da yadda suka tsaya a kan takardunmu, amma tun kafin in biya ko sisi zan sa a cire kallon dolfin daga jadawalin, a rubuta masallacin Kizimkazi a madadinsa, a sanya Jozani da sassafe, sannan a ƙara mini kwana biyu in tsallaka Pemba in ga dajin Ngezi da gonakin kanumfarin da jagoran ya yi ta ba mu labarinsu a mota.